Kafin Ka Sayi Lofe a Kasuwar Ƙauye

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Jabo zuwa Dogon Daji, ya san irin shimfiɗar nan ta gefen rumfar masu taba: buhu a ƙasa, a kansa ganyen taba a ɗaure, ƙullin taba gari, ɗan gutsuren kanwa, wani lokaci kuma lofe biyu ko uku na aikin hannu. Ba a san sunan wanda ya yi lofen ba. Idan ka tambaya, sai a ce maka wani maƙeri ne a can gaba, ko wani magini. Ga araha, ga kyan gani, kuma mai sayarwa zai ƙara maka da maganar da ta fi komai jan hankali: ai wannan taba ba ta kamfani ba ce, babu sinadari a cikinta.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta yi wa mutane da yawa daɗin ji, har da samarin da tsadar sigari ta kora zuwa ga tabar gargajiya.

Taba kanta baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ko da yake ta daɗe har ta zama 'yar gida. Asalinta nahiyar Amurka, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta iso yammacin Afirka. Tun isowarta malamai suka shiga muhawara a kanta. Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta, wasu malaman bayansa suka ce haramun ce. Hukuncin wannan na bar wa masu shi. Abin da likitoci suka gano a jikin mutane shi ne nawa.

Lofen kakanni abu ne mai sauƙi: 'yar tukunya ta yumɓu da aka gasa a wuta, sai dogon kara ko itace da aka huda. Yau kuwa mai aikin hannu yana yi ne da abin da hannunsa ya kai, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne kayan bola. Guntun famfon tagulla, bututun ƙarfe mai farin shafe, tiyo na roba, fenti don a yi ado, da dalma don a liƙe mahaɗa. Ba mugunta ba ce. Shi bai san abin da wuta ke fitarwa daga waɗannan abubuwa ba, kai mai saye ma ba ka sani ba, kuma babu wata hukuma da ta taɓa duba lofen kafin ya iso bakinka.

Mu tsaya a kan dalma, don mu a wannan yanki ba labari muka ji ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan maƙwabciyarmu Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka yi ta jinyar waɗanda suka tsira, wasunsu da nakasar ƙwaƙwalwa ta har abada. Dalma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, garwashin da ke cikin tukunyar lofe kuwa yakan zarce haka. Tsofaffin famfunan tagulla da yawa akwai dalma a cikinsu, haka wasu fentoci masu haske, ballantana wadda ake cirowa daga mataccen batirin mota. Gubarta ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Taruwa take yi a jini da ƙashi sannu a hankali, sai mutum ya fara fama da ciwon ciki, hawan jini, mantuwa, ciwon ƙoda, a yi ta neman dalili a wurin maƙiya. Kuma lofen da Baba ya ajiye a kan tabarma, jikansa mai rarrafe ne zai ɗauka ya kai baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin shanye dalma nesa ba kusa ba.

Roba ma haka. Tiyon da aka yi don ruwan sanyi, idan hayaƙi mai zafi ya bi ta cikinsa, yana sakin abin da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Itace kuma ba kowanne ake kai wa baki ba. Kowa a ƙauye ya san abin da nonon tumfafiya ko na tinya ke yi wa ido, balle a ɗora masa wuta a zuƙa. Katakon da aka shafe da maganin gara shi ma ya shiga wannan sahu.

To, a ce ka yi sa'a. Ka samu lofen yumɓu tsantsa, babu fenti, babu liƙi, karansa mai tsabta. Ka tsira daga guba ɗaya ke nan, babbar tana nan a cikin tukunyar. Ganyen da aka noma a fadamar bayan gari yana da nikotin kamar yadda na kamfani yake da shi, kuma yawancin gubar hayaƙin taba daga ƙonewar ganyen take fitowa, ba daga abin da kamfani ya ƙara ba. Masana sun ƙirga sinadarai sama da 7,000 a hayaƙin taba, kimanin 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sha ba, hayaƙin wani suka shaƙa. A gidajenmu wannan wani shi ne maigida, masu shaƙa kuwa uwargida da 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da shi a lokacin sanyi, ƙofa a rufe.

Masu lofe suna da wata kariya da suke kawowa: ai mu ba ma haɗiye hayaƙin, a baki yake tsayawa. Gaskiya ne da yawansu ba sa kai shi ƙirji kamar mai sigari. Amma bakin da yake tsayawa a ciki shi ke ɗaukar nauyin. Shi ya sa aka san masu lofe da ciwon dajin leɓe da harshe da maƙogwaro, musamman a gefen da suka saba maƙala karan shekara da shekaru. Mai cusa taba gari a dasashi ma bai tsira ba, kuma kanwar da ake haɗa ta da ita ƙara wa nikotin hanyar shiga jini take yi. A nan ya kamata iyayenmu mata masu goga furen taba da goro su saurara su ma, ko da yake na san ba za a gode mini ba.

Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana a sa shi ya sayar. Tun 2021 kwalin sigari ke fitowa da hoton gargaɗi mai tayar da hankali. Ƙullin taba da lofen kasuwar ƙauye babu hoto, babu rubutu, kuma sau da yawa yaro ake aika ya sayo, yaro ne kuma ke tsare shimfiɗar idan mai ita ya tafi salla.

Ban ce a guji maƙeri da magini ba. Hannun da ya iya sarrafa lofe shi ke ƙera fartanya da lauje, shi ke gina tulu da kaskon turare, kuma sun fi cancantar kuɗinka. Wanda ke son lofe don ado ko don tunawa da kakansa, ya saya ya rataye inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda kuma ya riga ya saba, kuma bai samu ikon bari ba tukuna, aƙalla ya duba abin da yake riƙe da shi: in ya ga fenti a tukunyar, ko liƙi mai launin toka da farce ke iya karcewa, ko roba a karan, ya jefar. Kada ya sha a cikin ɗaki, kada kuma a riƙa zagaya lofe ɗaya baki-baki a majalisa, don yawu na ɗaukar cuta.

Akwai alamun da ba a jira da su. Gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, dishewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya, ƙullutu a wuya. Tarin da ya kai mako 2 kuma a je a gwada tarin fuka, domin shan taba na ƙara haɗarin kamuwa da shi. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Idan ma'aikacin lafiya na Jabo ko na Tambuwal ya ce a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen masu ciwon daji. In za ka je, ka tafi da lofen a aljihu, ka nuna wa likita, ka gaya masa shekara nawa ka yi kana sha.