Gizo mai cin gizo

Ɗaga kai ka dubi kusurwar ɗakinka, can sama wajen azara. Sau da yawa za ka ga wani ɗan gizo-gizo yana rataye, ciki sama, baya ƙasa. Jikinshi bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma ƙafafunshi 8 dogaye ne, sirara kamar gashi. Saƙarshi ba ta da tsari, zare ne kawai a birkice.

In kana so ka tabbata shi ne, ɗauki tsinke ka taɓa saƙar a hankali. Sai ya kama karkarwa da juyi da sauri, har idonka ya kasa ganinshi sosai. Haka yake ruɗa abokan gaba. Macen kuma tana da tata alama: tana riƙe ƙwanta a baki, dunƙule wuri ɗaya, har su ƙyanƙyashe.

Kada ka raina wanga ɗan abu. Yana cin sauro, yana cin ƙuda, kuma yana cin ƴan'uwanshi gizo-gizo, har waɗanda suka fi shi girma. To, ta yaya? Dogayen ƙafafun nan su ne makaminshi. Daga nesa yake jefa ma abokin faɗa zare, ya naɗe shi tam, bakin wancan bai kai gare shi ba. Sai ya ɗaure shi sarai kana ya matso ya cije shi. Wani lokaci ma shi ke zuwa gidan wani gizon. Ya girgiza saƙar kamar ƙwaro ne ya faɗa ciki. Mai gida ya fito da murna ya samu abinci, ashe shi ne abincin!

Akwai wani da ya fi shi dabara. Masana suna kiranshi Portia. Ba ɗan ɗaki ba ne, cikin itatuwa yake zaune a wuraren damshi na Afirka da Asiya da Ostareliya. Tsawonshi kamar santimetir 1 ne ko ƙasa da haka. Yana da manyan idanu 2 a gaba, yana tsalle, jikinshi kamar guntun busasshen ganye. Yana kaɗa zaren saƙar wani da ƙafa, in wannan kiɗi bai jawo mai gida ba, ya sake wani. In gaba da haɗari, sai ya kewaya ta nesa ya sauko ta bayanshi. Kai ka ce Gizon tatsuniya ne, mijin Ƙoƙi.

Mu koma ga na ɗakinka. Ba ya cutar mutum, ba shi da ruwa da yara. Amma fa ba zai iya cinye sauron ɗaki duka ba, kada ka bar kwana cikin gidan sauro saboda shi. Ran shara, in saƙar ta yi yawa, sa tsintsiya ka kwashe ta, ka bar mai ita ya gudu. Kwana kaɗan zai saƙa wata.