Zafin Awo Da Tsoron Magani Na Hana Iyaye Mata Gwajin Bakin Mahaifa

A unguwannin Hausawa na Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, akwai wata larura da ta addabi iyaye mata waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu, amma ba a jin zancenta a gidan suna ko gidan biki. Iyakarta mace ta raɗa wa aminiyarta, shi ma a kaikaice. Larurar kuwa ita ce bushewar gaba, da kuma azabar da takan jawo idan an je asibiti awon bakin mahaifa.

Da yawa daga cikin waɗanda suka je awon sau ɗaya sun rantse ba za su ƙara hawa gadon nan ba. Waɗanda kuma likita ya rubuta wa magani don a sauƙaƙa musu, sai su sayo, ɗa ko jika ya karanta musu takardar cikin kwalin, su ji an ambaci ciwon daji da shanyewar jiki. Shi ke nan, sai magani ya shige ƙasan adaka, awo kuma a fasa.

Abin da ke faruwa a jiki

Galibin mata jinin al'ada yakan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55 da haihuwa, kuma likitoci ba sa cewa ya ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan shi ba. A lokacin nan ne jikin mace yake rage fitar da wani sinadari da ake kira istirojin. Shi ne ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri da laushi da danshi, ta kuma iya buɗewa ba tare da ta tsage ba. Da zarar ya ja baya sai fatar ta rage kauri, ta bushe, hanyar kuma ta ƙuntata. Daga nan sai ƙaiƙayi, sai raɗaɗi kamar an zuba barkono, sai yawan fitsari da zafinsa, sai kuma wahala wajen kwanciyar aure. Kusan rabin matan da al'ada ta ɗauke musu sukan sami wani abu daga cikin waɗannan. Zafin jiki da gumin dare da ke zuwa a farkon lamarin sukan wuce bayan 'yan shekaru, amma ita bushewar ba ta wucewa don kanta, ƙaruwa ma take yi.

Abin takaici shi ne yawancin mata sanyi suke ɗaukar abin. Sai a aika yaro kemis ya sayo kafso, a sha, a sake sha, ba sauƙi. Wata ta koma zama cikin ruwan bagaruwa, wata ta nemi alif ko matsi daga masu kayan mata, alhali waɗannan ƙara busar da wurin suke yi. Mafi muni duka shi ne a kira wanzami ko tsohuwa a yi yankan gishiri, wanda likitocin Arewa suka daɗe da shaida cewa yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.

Me tsohuwa za ta yi da awo?

Wannan ita ce tambayar da aka fi ji. Mace ta ce ta gama haihuwa, ko mai gidanta ya rasu shekaru da dama, to me za a duba kuma? Amsar tana cikin yadda cutar take tafiya. Kusan dukkan ciwon dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda ake kira HPV. Ana ɗaukarta ta hanyar kwanciyar aure, kuma ta yawaita ƙwarai, har ma akasarin mutane sukan haɗu da ita a rayuwarsu jiki ya kore ta ba su sani ba. Saboda haka samunta a jikin mace ba shaidar ta yi wani abin assha ba ne. Wadda ta ƙi barin jiki ce ke yin ɓarna, kuma a hankali take yi, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama ciwon daji. Watau ƙwayar da mace ta ɗauka tana da shekara 35 tana iya bayyana bayan ta aurar da 'yar autarta.

A shekarar 2020 an ƙiyasta mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu. In ban da ciwon dajin nono, babu wanda ya kai shi yawa a cikin matan ƙasar nan. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinsa kyauta, amma wannan jikoki ta amfana. Kakanninsu awo ne kaɗai zai tsare su. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2021 cewa a fara awon daga shekara 30, a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 5 zuwa 10, sa'an nan a kula da 'yan shekara 50 zuwa 65 waɗanda ba su taɓa yi ba. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa tun daga shekara 25 za ta fara.

Inda zafin yake

Wajen awon, nas ko likita kan sa wani ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa, a buɗa hanya don a hangi bakin mahaifa, sa'an nan a shafo shi da ɗan buroshi. Ga mace mai jini a jika abin ba ya wuce 'yan mintoci, da ɗan rashin daɗi. Ga wadda fatarta ta bushe kuwa, buɗawar nan kan yi zafi na gaske, wani lokaci har da ɗigon jini. Ba raki ba ne, kuma bai kamata a ce da ita ta daure ai ta haifi goma ba. Jikin da ya haifi goman ba shi ne a kan gadon yau ba.

A Kurmi kuma akwai ƙarin wani nauyi, watau na harshe. Dattijuwar da ta yi shekara 30 a cikin gida a Sabo sau da yawa Yarabancinta na ciniki ne, Turanci kuwa babu. In za ta asibiti sai da tafinta, tafintan nan kuwa 'yarta ce ko surukarta, wani lokaci ma ɗanta namiji. Wace uwa ce za ta dubi ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta ce ya gaya wa likita gabanta ya bushe? Sai ta ce ciwon mara. Likita ya duba mara, ya rubuta abin da ya rubuta, a koma gida da larurar. Dabarar da ta fi ita ce a tafi da tsara, aminiya ko maƙwabciya mai jin harshen, a bar 'ya'ya a waje.

Akwai abubuwan da mace take da ikon nema, kuma ba roƙon alfarma ba ne. Tana iya cewa mace take so ta duba ta. Tana iya faɗa tun kafin ta kwanta cewa al'adarta ta ɗauke kuma tana jin zafi, don a ɗauko ƙaramin bakin agwagwa, gama girma-girma ne da shi, a kuma shafa masa man santsi irin na ruwa. Wasu sukan fi samun sauƙi in sun kwanta ta gefen hagu sun naɗe gwiwa, wasu kuma in an bar su sun sa abin da hannunsu. Ko ana tsakiyar awo in ta ce a tsaya, dole a tsaya.

Har ila yau, ba duk awo ne ɗaya ba. Wanda aka fi kawowa kasuwanni da unguwanni shi ne na shafa ruwan binega a bakin mahaifa a duba da ido. Yana da amfani ga masu ƙananan shekaru, amma bayan ɗaukewar al'ada wurin da ake son gani yakan janye ciki, ido ba ya kai masa, saboda haka ba a dogara da shi ga waɗanda suka haura 50. Su gwajin Pap ko gwajin ƙwayar HPV ya dace da su. Shi na HPV ɗin ma akwai irin wanda mace ke ɗibar wa kanta da ɗan tsinke mai auduga, ba bakin agwagwa, ba kowa a ɗakin. Ba ko'ina ake samunsa ba, amma ya kamata a tambaya a sashen mata na manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko da ke nan Idi-Araba, da na Jihar Ikko a Ikeja, da na Jami'ar Badun wanda ba shi da nisa da Sabo. In gwajin ya nuna akwai ƙwayar, to a nan sai an duba da ido.

Maganin da ake gudu

Maganin bushewar shi ne a mayar wa wurin ɗan istirojin ɗin da ya rasa. Yakan zo a matsayin man shafawa ko 'yar ƙwaya da ake sawa a gaba lokacin kwanciya barci, yawanci kullum har mako 2, daga nan sau 2 a mako. Da yake da dare ake sa shi, bai shiga lokacin azumi ba. Likitoci sukan rubuta shi na 'yan makonni kafin ranar awo, a dakata kamar kwana 2 kafin a je don kada man ya ɓata abin da za a ɗiba. Ban da rage zafi, yakan sa sakamakon gwajin Pap ya fi fitowa sosai, domin busasshiyar fata takan rikita mai dubawa. Yana kuma rage yawan dawowar ciwon fitsari.

To daga ina tsoron ya fito? Daga Amurka. A watan Yuli na 2002 aka tsayar da wani babban bincike da aka yi a kan mata fiye da 16,000 masu haɗiyar ƙwayoyin istirojin haɗe da wani sinadarin, bayan an ga ƙarin ciwon dajin nono da daskarewar jini da shanyewar jiki a cikinsu. Sai hukumar magunguna ta ƙasar ta sa a buga gargaɗi a kan duk maganin da ke da istirojin, na haɗiya da na sawa a gaba, aka yi musu kuɗin goro. Gargaɗin nan ne ya bi kwalaye ya zagaya duniya.

Amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. 'Yar ƙwayar da ake sawa a gaba mai nauyin maikirogiram 10, in mace ta yi shekara guda tana amfani da ita bisa ƙa'ida, duka-duka abin da ta sa bai wuce miligiram 1 da ɗan ɗoriya ba. Wannan kuwa kusan daidai yake da ƙwaya ɗaya tak ta haɗiya, wadda ake sha a rana guda. Abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, kuma binciken da aka yi daga baya a kan masu amfani da irin wannan ƙaramin awo bai nuna ƙarin waɗancan cututtuka ba. Shi ya sa a 2022 Ingila ta yarda a sayar da irin wannan ƙwaya a kantin magani ba takardar likita, ga matan da suka kai shekara 50 kuma suka yi shekara guda ba al'ada. A watan Nuwamba na 2025 ita ma hukumar ta Amurka ta ba da sanarwar cire babban gargaɗin nan. Sai dai kwalayen da ke kantuna ba sa canzawa rana ɗaya, don haka mai karanta wa kakarsa takarda yana iya ci gaba da cin karo da tsohon rubutu.

Wannan fa ba izini ba ne mace ta ari ragowar na maƙwabciyarta. Wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono ko na mahaifa, musamman mai shan maganin hana shi dawowa, sai likitan da ke duba ta ya amince. In bai amince ba akwai man danshi marasa istirojin da ke rage wahalar. Wadda kuma take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ne, ko sau ɗaya ne, kada ta fara kowane magani sai an bincika. Yawanci bushewar ce ke jawo shi, amma kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jini akan tarar da ciwon daji a mahaifarta. Haka nan ruwa mai wari ko jini bayan kwanciyar aure. Mai irin waɗannan alamu ba jiran masu awon kyauta su zo unguwa za ta yi ba, asibiti za a kai ta cikin makon, ko da mai gida zai bar rumfarsa a kara na yini ɗaya.