Kada ki bar ofis sai da lambar kokenki a hannu

Duk mai zama a kasuwar Arlit ko ta Akokan ya san irin wannan labari. An turo wa mace kuɗin kaya ta waya daga Tawa, mai turowa ya rantse kuɗi sun fita, ita kuma ba ta ga ko dala ba. Ta je ofis, an ce ta dawo gobe. Gobe ta tarar da wani ma'aikaci daban, ta sake labari tun daga farko, shi ma ya ce gobe. Kafin a ankara sati ya wuce, mai kaya yana jiran jika hamsin ɗinsa, amana ta fara tsami.

Sau da yawa mukan ɗora laifin kan halin ma'aikaci. Amma idan muka duba da kyau, babbar matsalar ita ce an yi koken da baki, bai shiga rajista ba. Magana kuwa, iska ce ke ɗaukarta.

A manyan kamfanonin waya, na banki da na aika kuɗi, akwai tsarin kwamfuta da ke karɓar koke. Da zarar an shigar da matsala, na'ura takan ba ta lamba, wadda ma'aikata ke kira tike, kamar dai tiken da ake ba fasinja a tasha. A jikinsa akwai sunan mai koke, rana da sa'a, abin da ya faru, da sunan wanda aka ɗora wa aikin. Daga nan tiken zai riƙa tafiya mataki-mataki: an buɗe, ana aiki, ana jiran amsa, an warware, an rufe. Ko ma'aikacin farko ya tafi hutu, wanda ya gaje shi zai ga komai a rubuce.

Abin da ya kamata ƴan kasuwa su sani shi ne, yawancin wannan tafiya na'ura ce ke yinta da kanta, bisa ƙa'idojin da aka tsara mata. Koken kuɗi takan tura shi sashen kuɗi, na layi sashen masu gyara. Takan kuma auna girman matsala da gaggawarta, domin layin da ya ɗauke wa gari guda ya sha gaban wayar mutum ɗaya. Kowane irin koke yana da wa'adinsa, kuma idan wa'adin ya cika ba a yi komai ba, na'ura takan miƙa maganar ga shugaban sashe. Ga mu da ke nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,000, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tike yana isa babban ofis nan take, ba sai mun hau mota ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a garinmu. An kafa SOMAIR a 1968, COMINAK kuma a 1974, kuma dattawan da suka yi aikin gyaran injuna a wuraren haƙar yuraniyom sun san takardar aiki: ba a taɓa inji sai an rubuta abin da ya lalace, wanda zai gyara, da wanda zai sa hannu an gama. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta maida takardar nan cikin na'ura. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Birtaniya ta tattara ƙa'idojin kula da ayyukan kwamfuta cikin wani kundi mai suna ITIL, sannan a 2002 wani kamfanin Ostireliya, Atlassian, ya fito da manhajar Jira wadda ofisoshi da yawa a duniya ke bin diddigin aiki da ita.

Wani darasi daga cikin kundin nan zai amfane mu. An bambanta ɓarnar yau da tushen ɓarna. Mu ɗauki mai sayar da ƙanƙara. Firijinta ya tsaya, mai gyara ya zo ya tada shi, wannan maganin ɓarnar yau ne. Amma idan ya tsaya sau huɗu cikin wata guda, tambayar ta koma: wayar wutar shagon ce ta tsufa, ko injin ne ya gaji? Wanda bai rubuta ranakun ba, ba zai gane cewa ciwo ɗaya ne ke dawowa ba, sai ya yi ta biyan kuɗin gyara har ribar bazara ta ƙare.

Sai dai na'ura ma tana da nata illar. A wurare da yawa an tsara ta ne ta rufe tike da kanta idan an aiko wa mai koke saƙo bai amsa ba cikin wasu kwanaki. Mace da ba ta karatu ba, ko wadda wayarta ke hannun ɗanta, sai ta wayi gari an rubuta an warware, alhali kuɗinta ba su dawo ba. Haka kuma ƴan damfara sukan kira da sunan masu bin koke, su nemi lambar sirri. Ma'aikacin gaskiya ba ya neman lambar sirrinki, ko da wasa.

Don haka shawararmu ga iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa ita ce: idan kun kai koke, ku nemi lambarsa, ku tambayi ranar da za a ba ku amsa, a rubuta muku a takarda. Kada ku goge saƙon shaidar tura kuɗi, kada ku yar da rasit. Duk saƙon da ya shigo bayan koke, a sami amintacce ya karanta a ranar. Idan wa'adi ya wuce, ku koma da lambar, ku ce a ɗaga maganar zuwa sama. Idan na kamfanin waya ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, ita ma shaida za ta fara nema.

Mu kanmu muna iya ɗaukar dabarar ba tare da kwamfuta ba. Tela, mai gyaran waya da mai ba da kaya bashi, littafi ɗaya ya ishe su: lamba, suna, rana, wa'adi, da gurbin da za a sa alama an gama. Kamfanin motoci na Toyota ma, tsarinsa na bin aiki da kati, daga yadda ake cika kantocin manyan shagunan Amurka ya samo tunaninsa a shekarun 1950. Ashe ilimin daga kasuwa ya fito.

Tun da aka rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan masu albashi sun bar aiki, ciniki ya ja baya a Akokan da Arlit, kowace jika sai da gumi. A irin wannan hali babu mai kuɗin da zai bari ya salwanta saboda rashin lambar da ake bayarwa kyauta. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.