Ciwon da ba a gani: neman shawarar ƙwararru ta waya

Cikin waɗanda suka ga rikicin Afrilun 2011 a Kafanchan da Zonkwa, har yau akwai masu fama da mugun mafarki, faɗuwar gaba da razana in sun ji ƙara. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana can Barnawa, Kaduna: ga nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce mutum ya zautu.

Yanzu ƙungiyoyi irin su MANI na sauraron mutane ta waya ko intanet, cikin sirri. Kai da ke Agege ko Sabon Ibadan, in ɗan'uwanka a gida ya daina walwala, tura masa kati, ka haɗa shi da su. Amma in yana zancen kashe kansa, a garzaya da shi asibiti.