Ƙidaya ta Goma Sha Biyu

Peugeot 504 ce, Fijo dai da kowa ya sani, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975. Mahaifina ya bar mini ita, kuma ban taɓa tunanin rabuwa da ita ba. Abu ɗaya ke damuna. Duk sanda na nufi Jos, da na wuce Saminaka aka fara hawa, sai ta yi sanyi. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Shi ya sa na ƙudurta sa mata turbo, fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa inji iska.

Aljihuna ba nauyi. A Panteka muka samo turbo ta hannu, wadda aka ciro daga injin dizal. Bakaniken da ya daɗe yana yi wa mahaifina aiki, wanda nake kira Baba, ya ce hanya biyu ce. Ko a sa kafireto a gaba, turbo ta zuƙo iska da mai a haɗe, kamar yadda aka yi wa Chevrolet Corvair a Amurka a 1962, ko kuma turbo ta hura iska ta saman kafireto. Ta farkon ta fi sauƙi, amma tana bukatar turbo mai toshiya ta musamman, in ba haka ba sai ta riƙa tsotso baƙin mai zuwa cikin inji, tamu ta dizal kuwa ba ta da ita. Muka ɗauki ta biyu. Mai walda ya ƙera wa kafireton hula ta ƙarfe, aka ja bututu, aka jawo wa turbo baƙin mai daga inji, Baba ya daidaita ƙofar rage hayaƙi yadda matsin ba zai wuce psi 6 ba.

A cikin gari ba ta da aibu ko ɗaya. Sai ranar da muka fita hanyar Zariya. Bayan Mararrabar Jos na sa giya ta huɗu na danne totur. Turbo ta yi fito, kujera ta tokare mini baya, raina ya yi fari. Can sai motar ta yi tari, ta shaƙe, kamar an riƙe ta daga baya. Na ɗage ƙafa, ta ɗan yi gurnani, ta dawo lafiya lau. Na sake dannawa, ta sake yi. Ga kuma warin fetur ya cika mota.

Warin nan shi ya ɓatar da mu mako guda. Duk wanda ya leƙo gareji hukuncinsa ɗaya: mai ya yi yawa, kafireto na ambaliya. Muka rage jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa a kafireto, abin ya ƙara muni. Muka koma kan wuta, muka canza kwayil da wayoyin fulogi, don matsi na sa tartsatsi wahalar tsallakawa. Ba abin da ya sauya. Da yamma Baba ya kwance fulogi huɗun ya jera su kan tsumma. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hasken rana ya daɗe yana kallo. Bakinsa fari fat, kamar an shafa alli.

"Ɗana, motar da ta sha mai ta ƙoshi, baƙar toka take bari. Wannan ƙishirwa take ji."

"To warin fa, Baba?"

Bai amsa ba. Ya shafa yatsa a gefen kafireto, inda sandar totur ke shiga, ya miƙo mini. Yatsan na da danshin fetur. Ramin sandar ya cinye da tsufa. A da inji zuƙa yake, don haka ta nan iska ke shiga ba wanda ya sani. Yanzu da ake hurawa, ta nan ɗin ɗan mai ke fesowa waje. Warin ya samu bayani, amma ɗigon nan bai isa ya kashe mota ba.

Kashegari yaron Baba ya zauna a baya, shi ya lura da abin da ya kuɓuce mana. Ya ce tun daga fiton turbo har shaƙewar, yana ƙirgawa a zuci, kuma kullum a wajen goma sha biyu take tsayawa. Muka gwada sau uku, haka ne. Matsalar wuta ba ta jiran ƙidaya, nan take take bayyana. Abin da ke ɗaukar lokaci iri ɗaya kullum, wani abu ne ke ƙarewa.

A cikin kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da wani ƙwanso mai iyo a kai wanda ke buɗe allura idan mai ya ja baya. Baba ya ce in sake dannawa, da ta shaƙe in taka kuloci in kashe inji nan take. Muka gangara gefen titi. Ya kwance murfin kafireton da zafinsa, muka sunkuya. Kofin da ya kamata ya kusa cika, ɗan abin da ya rage a gindinsa bai kai cokali biyu ba.

To me ya hana mai zuwa? Muka sauya matata, muka sauke tanki muka wanke, muka hura bututu, muka sayi sabon famfon mai. A tsaye yana tuttulo fetur ba laifi. A kan hanya, goma sha biyu. A nan gwiwata ta yi sanyi, har na fara tunanin cire komai.

Muna dawowa muka tsaya wurin mai faci a ƙara wa tayar baya iska. Bai daɗe da tayar da injinsa ba. Ya ce mu ɗan yi haƙuri iska ta taru, don wadda ke cikin tayar ta fi ta tankinsa, in ya jona yanzu baya za ta yi. Na ga Baba ya tsura wa tiyon ido. Ko da muka isa gareji bai zauna ba, ya jona ma'auni a bututun mai. Allura ta tsaya tsakanin 3 da 4.

Nan komai ya fito fili. Kofin kafireto yana da ƙofar numfashi da ke buɗewa a saman maƙogwaro, wato a ƙarƙashin hular da muka ƙera. Idan turbo ta hura psi 6, cikin kofin ma 6 ne. Famfon da ƙarfinsa bai kai 4 ba yana tura mai ƙofar da ake tokare da 6. Tun allurar matsi ba ta kai ƙarshe ba mai ya daina shiga, inji ya koma shan abin da ke cikin kofi, kofin kuwa ƙidaya goma sha biyu yake ɗauka. Famfon lafiyarsa ƙalau, an yi shi ne don injin da ke zuƙa. Da na tuna farin fulogin nan sai jikina ya yi sanyi, don ƙarancin mai a ƙarƙashin matsi yana iya huda fistin, mu kuwa mun yi ta maimaitawa.

Daga baya na gano masu ƙera Renault 5 GT Turbo a Faransa, wadda ta fito a 1985 da kafireton Solex da ake hura wa iska, sun bi ta nan tuntuni. Abin da suka yi muka yi. Muka sa famfon lantarki kusa da tanki, da madaidaicin matsi mai mayar da rarar mai baya, sannan muka ja siririn tiyo daga hular kafireto zuwa kansa. Duk psi ɗaya da turbo ta ƙara, shi ma ya ƙara ɗaya, mai ya kasance kullum yana gaba da iska da kamar 3. Aka yi wa sandar totur sabon bushi, muka mayar da jet mafi girma, Baba ya ja lokacin wuta baya kaɗan don kada inji ya yi ƙwanƙwasa.

Ranar Asabar muka kama hanyar Jos. Bayan Saminaka na danne totur, turbo ta yi fito, yaron ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Goma. Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Baba na riƙe da ma'aunin mai a cinyarsa, allurarsa na kan 9. Yaron ya kai arba'in kafin wata tirela ta sa na ɗage ƙafa.