CIWON DAJI: YADDA YAKE FARAWA DA YADDA JIKI KE YAƘAR SA

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani. Kowace ƙwaya tana da wasu 'yan ƙofofi, wasu a bayanta, wasu a cikinta, waɗanda likitoci ke kira makarɓan saƙo. Ta nan ne take samun umarni: ko ta girma, ko ta rabu gida biyu, ko ta dakata, ko kuma ta mutu idan ta tsufa. Muddin saƙo yana tafiya daidai, jiki yana zaune lafiya.

Yadda Cutar Ke Farawa

Wani lokaci makarɓin saƙo yakan lalace, ko ya yi yawa, sai ƙwaya ta riƙa jin umarnin yaɗuwa ba dare ba rana. Daga nan sai ƙari ya fito. A ciwon dajin nono, wani ƙarin yana girma ne da taimakon sinadarin mata, wato isturojin. Irin wannan ana ba da maganin tamoksifen don toshe ƙofar. Wani kuma yana da makarɓi mai suna HER2 fiye da kima. A 1998 aka amince a Amurka da maganin tirastuzumab domin irinsa. Akwai kuma wanda ba shi da waɗannan makarɓai, kuma bincike ya nuna irin wannan ya fi yawa ga matan Afirka ta Yamma bisa ga Turawa. Saboda haka maganin da ya yi wa wata aiki ba lalle ne ya yi wa wata ba. Sai an ɗebi ɗan tsoka an auna a asibiti kafin a san irin ciwon.

Dakarun Jiki

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu shi ne farautar ƙwayar da ta kauce hanya su kashe ta. Amma suna da birki a jikinsu, don kada su afka wa lafiyayyun ƙwayoyi. Ɗaya daga cikin birkin nan, PD-1, wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, ya gano shi a 1992. Ciwon daji yana da wayo: yakan taka wannan birki, dakarun su tsaya cik. Honjo da James Allison na Amurka sun sami lambar Nobel a 2018 saboda sun nuna cewa idan aka saki birkin, jiki da kansa zai iya yaƙar ƙarin. Magungunan wannan fanni suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowane ciwo suke yi wa aiki ba.

Abin Da Ya Wajaba Ga Jama'a

Mazauna Zuba da ƙauyukan kewaye ba su da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja kuma yana da sashen gasa ƙari da haske. Matar da ta ji kumburi a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ta gaggauta zuwa asibiti mafi kusa, kada ta jira sai ciwo ya ci ƙarfinta. Magidanta su ba iyalansu izini da kuɗin mota.

Tun watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Wannan allura tana koya wa garkuwar jiki ta gane ƙwayar cutar da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa tun kafin ta shiga. Iyaye su kai 'ya'yansu. Ciwon da aka tare da wuri shi ya fi sauƙin warkewa.