Kachalla, Kifi da Masu Neman Zakka

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu. Ruwa ya daina janyewa da rani a wasu magudanai, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe su. Dagwalon masana'antun jima na Kano kuma yana shiga Kogin Challawa ya gangaro. Kifi ya yi ƙaranci, gonakin shinkafa suka lalace, har wasu masu fitar da zakka a da suka koma nemanta. Saboda haka muke kira ga masu bayarwa da kwamitocin masallatai su ɗauki sare kachalla da yashe magudanai a matsayin sadaka mai gudana.